Ana biyan mai jawabi a taron fasaha kuwa?

Tambaya: Malam, ni mai rubuta manhajar waya ne a nan Yamai. An gayyace ni in yi jawabi a wani taron masu fasaha, amma ba wanda ya ce uffan kan kuɗi. Ana biya kuwa? Su kansu masu shiryawa me suke samu?

Amsa: Ɗan'uwa, galibi ba a biya, kuma ba a Nijar kaɗai ba. Dokar TEDx, wato tarukan jawabai da ake shiryawa a birane daban-daban na duniya, ta hana a biya mai jawabi, ta kuma hana masu shiri cin riba. FOSDEM, babban taron manhajoji na kyauta da ake yi kowace shekara a Beljiyam, ƴan sa-kai ke shirya shi, shiga ma kyauta ce. Abin da ke rikita mu a nan sabo ne da tarukan bita na ƙungiyoyin agaji, inda ake raba kuɗin zama. Can akwai mai tallafi da ya riga ya zuba kasafi. Taron matasa ba shi da wannan gatan.

Masu shiri kuwa, idan suka tashi ba bashi sun gode Allah. Akwai hayar zaure, kuma kuɗin manyan zaurukan taro irin su Palais des Congrès ko cibiyar Mahatma Gandhi ba ɗaya ba ne da na ɗakin karatu a Jami'ar Abdou Moumouni. Ga lasifika, majigi, ruwa da abin taɓawa, intanet, ga injin wuta da gazuwal, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke tsananta ana yawan ɗauke wuta. Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen masu ɗaukar nauyi. Kamfani yakan yi alkawari da baki, ya biya bayan taro, shi ma sai an kai masa takardar neman biya da sunan ƙungiya mai rajista da asusun banki. Mai zaure da mai abinci kuwa kafin alƙalami suke so. Saboda haka mai shiri daga aljihunsa yake fara cirewa. Abin da ke riƙe shi a harkar: sanin manyan kamfanoni da hukumomin gwamnati masu kula da fasaha, da gano matasan da zai ɗauka aiki.

Kai ma ribarka tana zuwa daga baya: kwangila, aiki, ko abokin haɗin gwiwa. Amma ba ta zuwa da kanta. Ka nuna abu guda da ka gina da hannunka, da matsalar da ya warware. Jawabin "makomar fasaha a Afirka" ba ya kawo ciniki. Ka ɗauki bidiyon manhajar tana aiki ka ajiye a kwamfuta, don intanet ɗin zaure yakan durƙushe da zarar jama'a sun hau. Ka zo da mahaɗin HDMI naka, wato abin haɗa kwamfuta da majigi. Shafin ƙarshe da za ka haska a majigi ya ɗauki lambarka, wanda ya nuna sha'awa kuma ka tuntuɓe shi cikin kwana biyu, tun bai manta fuskarka ba.

Sai dai a rarrabe. Idan kamfani ne ke sayar da tikiti da tsada, ko aka ce ka koyar yini guda cur, wannan aiki ne, ka yanke farashi a rubuce. Idan kuma daga Tahoua aka kira ka, tun kafin ka amsa ka tambayi wanda zai biya mota da masauki.