Amsar Gwaggo ga Mai Jego kan Kunun Kanwa da Rage Jiki

Rabi 'yata, barka da arziki, Allah ya raya mana, ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Saƙonki ya iso. Kin ce yau sati uku da haihuwa, uwar mijinki tana cika ki da kunun kanwa da tuwo har ba ki iya motsi, kayanki sun daina shigarki, kuma wata ƙawarki ta kawo miki shayin rage ƙiba, ta ce ki bar cin abincin dare. Kina tambaya ko jego dole ne, ko za ki iya watsar da shi ki nemi jikinki na da.

Shayin nan ki ajiye shi tun yau. Yawancin irinsa filasko ne a ciki, wanda kakanninki ke jiƙawa in ciki ya ɗaure. Gudawa zai sa ki, ruwan jikinki ya zube, ki hau sikeli ki ga kilo ya ragu ki yi murna, alhali kitsen yana nan inda yake. Wasu kuma ba wanda ya san abin da aka zuba musu, ga shi abin da uwa ta sha yakan bi nono. A zafin Damagaram, da rana ke wuce digiri 40 in bazara ta kama, mai shayarwa ba ta da ruwan da za ta zubar a banza.

Jego kuwa ki daina kallonsa a matsayin azaba. Waɗanda suka ce mai haihuwa ta zauna kwana arba'in, ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba kusantar miji, sun san abin da suke yi. Likitoci ma sati shida suke ƙirgawa kafin mahaifa ta koma mazauninta, kin ga lissafin ya zo ɗaya. Ciyarwar ma gaskiya ce. Kin zubar da jini, kina kuma haɗa nono dare da rana, abin da ke cin ƙarin kalori kusan 500 a yini, wato kamar ƙarin kwano guda na abinci mai kyau. Ba a tatsar saniyar da aka hana kiwo. Ƙauri da romo da hanta da yajin jego duk don a mayar miki da jini da ƙarfi ne. In kika yanke abinci yanzu, jiri da kasala za ki samu, nono ya ja baya, yaro ya kwana yana kuka, sai kuma a fara cewa a ba shi ruwa ko madarar gwangwani. Shi kuwa nono zalla ake so ya sha har wata 6, ko ruwa ba ya bukata, don nonon kansa galibinsa ruwa ne.

Amma akwai inda al'adar tamu ta wuce gona da iri, kuma ba zan rufa mata ba don ni ma a cikinta na tashi. Kanwa ce da zafin wanka. Kanwar da ake kawo mana daga ƙasar Manga 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana tayar da hawan jini. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura matan Hausawa da yawa na zuwa musu da ciwon zuciya bayan haihuwa, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama. Da suka bi sawu sai suka alaƙanta yawan abin da kunun kanwa safe da yamma, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, musamman lokacin zafi. Ciwon yana da wasu dalilan, yana kama matan da ba su taɓa ganin kanwa ba, amma zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki ba ta bukatar a ƙara mata wannan nauyin. Mu da, in mai jego ta kumbura, sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Mata nawa muka rasa a haka, Allah kaɗai ya sani.

Don haka wani abin da kike gani ƙiba ce, wataƙila ruwa ne. Ki danna ƙaurin ƙafarki da yatsa. In ya lotsa ya daɗe bai taso ba, ko kina kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, ko tari ya dame ki da dare, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kada ki jira arba'in. Ki sa a kai ki asibiti a ranar, a auna jininki.

Kunun gero ki ci gaba da sha, a dama da tsamiya ko nono, a bar kanwar. Wanka ki yi da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, da ganyen darbejiyarki in kina so, ba mai ƙona fata ba. Da ma ruwan da ake saye wurin 'yan ga-ruwa da itacen dafa shi a garin nan ba ƙaramin kuɗi suke ci ba, mijinki ba zai yi kuka ba in an rage.

Maganar rage jiki sai bayan arba'in, in nono ya zauna, kin koma awo an ce lafiya kike. Ko a lokacin, rabin kilo a sati ya isa, kilo 2 a wata ke nan. Abin da za ki rage ba tuwo da miya ba ne tukuna. Sukari ne: wanda ake zubawa a fura da kunu da shayi, da lemun kwalba, da fanke da cincin da 'yan barka ke tarawa a ɗaki. Sai man da ake malalawa kan shinkafa da wake har ya kwanta a gindin kwano. Ki cika kwanonki da zogale, rama, yakuwa, wake, ƙwai, kifi in ya samu, tuwon ya zama madaidaici. Ki ci sau uku, dare ma ki ci, don yaro da dare ma yana tsotso. Ki ajiye ruwa kusa, duk sanda kika ba da nono ki sha. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a asibiti ki shanye su, ba su sa ƙiba, duk mai gaya miki haka ba ta sani ba ne.

Motsa jiki ba sai kin yi tsalle-tsallen da kike gani a waya ba. Ki fara da zagaya tsakar gida da sanyin safiya, daga baya ki goya shi ki taka zuwa gidanku ki dawo, minti 20 ko 30. Ɗaurin ciki da zane ba laifi in bai matse ki ba, yana tallafe baya, amma ba ya narkar da kitse. Tumbin da kike gani naman ciki ne da ya buɗe, a hankali yake haɗewa. Wasu matan jikinsu kan zube da shayarwa, wasu sai bayan yaye, kuma Alƙur'ani shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa, to lokaci yana gabanki.

Uwar mijinki kuwa kada ki yi musu da ita, kada kuma ki riƙa zubar da kunun a ɓoye, za ta gane. A wurinta mutuncin gida ne ki fita arba'in kin yi ɓulɓul, kada a ce sun bar 'yar mutane da yunwa. Ba bakinki ba ne ya kamata ya faɗa mata. Ranar Juma'a bayan la'asar zan shigo Birni, ni da ita sa'o'in juna ne, zan zauna da ita kan maganar kanwar. Ki fito da katin awonki in gani, shayin nan ma ki ajiye mini kwalinsa.