Rufa-Ido da Karta a Wajen Biki: Wane Wasa Zan Zuba wa Kuɗina?

Tambaya: Ina sayar da kayan waya a Abuja. Na ɗan koyi rufa-ido da karta a intanet, abokai suna yabawa. Yanzu wani mai shirya liyafar aure ya ce in zo in riƙa zagaya tebura ina ɗebe wa baƙi kewa kafin a kawo abinci. Ina son wasan da zai nuna kamar na karanta abin da ke zuciyar mutum. Na ware naira dubu 80, ga wasanni barkatai ana tallarsu da dala. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, ka fara rufe bidiyon tallan nan tukuna. An ɗauke shi ne ta kusurwar da ta fi kyau, an yanke inda hannu ya yi rawa. Kai kuwa a tsaye za ka yi aiki, mutane na kewaye da kai ta ko'ina, tebur cike da kwalaben lemo, makaɗi na ta bugu. Abin da za ka tambayi kowane wasa shi ne: idan na gama a wannan tebur, minti nawa nake buƙata kafin in sake yi a na gaba? Wasan da sai ka laɓe ka sake jera kati duk bayan yi ɗaya zai cinye maka rabin lokacin da aka biya ka.

Da wannan ma'auni, wanda ake kira Invisible Deck ya fi dacewa da kai. Baƙo zai ambaci duk katin da ya ga dama cikin 52, ka zaro karta daga kwali ka baje a hannunka, sai ga nasa shi kaɗai a kife. Ba ya buƙatar tebur, ba ya wuce minti biyu, kana mayar da shi kwali ya shirya. Tsohon kaya ne da masu wannan sana'a suka shafe shekaru gommai suna cin abinci da shi, kuma yana cikin masu araha. Aibinsa biyu: kartar ta musamman ce, ba a miƙa wa baƙo ya duba, kuma zufar hannu da ƙura suna lalata ta. Saboda haka ka sayi biyu lokaci guda tunda kuɗin jigila ɗaya ne, ka lissafa ta cikin kayan da ke ƙarewa, kamar yadda kake lissafa leda a shago.

Akwai wani da za ka ji ana ta yabo, Out of This World, wanda Paul Curry ya fitar a 1942. Baƙo ne da kansa yake raba karta gida biyu ba tare da ya ga fuskarta ba, a buɗe a ga jajaye sun ware, baƙaƙe sun ware. Da karta ta yau da kullum ake yinsa, ba ka sayen komai. Amma yana son fili a tebur da natsuwa da shiri kafin a fara, don haka ka ajiye shi sai ranar da wani alhaji ya kira ka falonsa.

Inda nake ganin kasuwarka ta gaskiya take shi ne Whot. A farkon shekarun 1930, masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun yi amfani da kati 25 na Karl Zener, wani masanin halayyar ɗan Adam, masu alamomi biyar, don gwada ko mutum na iya sanin abin da ke ran wani: da'ira, gicciye, murabba'i, tauraro da layuka masu lanƙwasa. Masu wasan karanta zuciya sun ɗauki katin suka gina wasanni da yawa a kansa. Dubi Whot ɗin da ake sayarwa a kowane lungu: huɗu daga alamomin nan suna ciki, sai mai kusurwa uku ya maye gurbin na biyar. Yawancin waɗancan wasanni za su hau kansa, kuma baƙo ya san katin tun yana yaro, ba zai zargi an shigo da shi daga waje da wani sirri ba. Ka dai lura, cankar alama ɗaya cikin biyar ba abin mamaki ba ne, yaro ma zai iya dacewa. Amma baƙo ya jera kati biyar, kowanne da alamarsa daban, su yi daidai da jerin da ka riga ka kife, wannan dacewa ce ɗaya cikin 120. Ita za ka nema ka koya.

Ka ga ke nan ba duka kuɗinka za ka kashe a kan wasanni ba. Ragowar ka ɗinka kaya masu aljihu mai kyau, ka buga ɗan katin da ke ɗauke da lambarka, ka bar saura a shago.

Batun farashi, da mai shirya liyafar za ka yi ciniki, a kan awa, ka karɓi kafin alƙalami. Wanda ya yi maka liƙi don jin daɗi, ka gode. Amma ko da wasa kada kuɗi ya hau tebur da sunan "idan na canka ka ba ni". Mutanenmu suna ganin karta su tuna caca da 'yan wala-wala na tasha, kuma hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya ɓata maka suna har a shagon wayarka.

Haka kalmar karanta zuciya. Kada ka taɓa barin wani ya tashi yana zaton kana da aljanu ko ka san gaibu. A kowane tebur ka buɗe da cewa dabara ce da saurin hannu da ka koya. Idan wata hajiya ta ja ka gefe tana neman ka duba mata wanda ya ɗauke mata sarƙa, ka ce mata ba aikinka ba ne, ko nawa ta ajiye.