Kawu, ga yadda muke yi da wuraren wasa masu lasisin giya a Ingila

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da duk mutanen gida.

Kun tambaya ko da gaske ne wuraren da muke kai yara hawa lilo da wasan ruwa a nan Ingila ana sayar da giya a cikinsu, in kuwa haka ne, me ya kai ɗan Musulmi can da matarsa da 'ya'yansa. Gaskiya ne Kawu, ana sayarwa, ba zan rufe ku ba. Manyan wuraren da yaranmu na Manchester suke ɗokin zuwa in an yi dogon hutu, irin su Alton Towers da Pleasure Beach na Blackpool, akwai mashaya da gidajen abinci masu sayar da giya a cikinsu. Na san abin da mutumin Zariya zai hango in ya ji haka: wani lungu na Sabon Gari bayan isha'i, kwalabe a kan tebur, kiɗa na tashi, ana tangaɗi. Ba haka abin yake ba, kuma gara in fara warware muku dalili kafin in zo kan abin da mu Hausawan nan muke yi.

A Ingila da Wales wuraren nan ba sa sayar da ko kofi ɗaya na giya sai da izinin hukuma, ƙarƙashin dokar da majalisa ta yi a 2003, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2005. Ƙaramar hukuma ce ke ba da lasisin, kuma iri biyu ne, na wuri da na mutum. Na wurin yana tafe da zanen ginin da sa'o'in da aka yarda a yi ciniki. Na mutum kuwa, sai an samu wani takamaimai da ya yi kwas ya ci jarrabawa, a rubuta sunansa a jikin lasisin wurin a matsayin mai kula da sayarwar, don in an yi ɓarna a san wuyan wanda za a kama. Duk hukuncin da za a yanke a kan lasisi kuma da abu huɗu ake auna shi: hana laifi da tarzoma, tsare lafiyar jama'a, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutuwa. Na ƙarshen nan shi ya fi yi wa wuraren wasa nauyi, tunda yara su ne kasuwarsu.

Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wurare da yawa ma sun ɗauki ƙa'idar cewa duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya kai 25 ba, sai ya fito da fasfo ko lasisin tuƙi. 'Yan sanda da jami'an ƙaramar hukuma sukan turo yaro ya gwada saye suna gefe suna kallo, kuma wurin da aka kama sau biyu cikin wata uku yana iya shan tara, a kuma dakatar masa da cinikin. Sayar wa wanda ya riga ya bugu shi ma laifi ne, tararsa tana kaiwa fam 1,000. A wuraren wasan ruwa abin ya ƙara tsanani. Akasarinsu ba sa yarda da kwalba a kusa da ruwa, tunda mutane na yawo ba takalmi, ba a kuma shiga da giya daga waje. Masu gadin ruwan, waɗanda za ka gani a kan doguwar kujera da usur a wuya, da zarar sun ga alamar maye a jikin mutum sai su hana shi shiga. Haka masu kula da manyan lilo suke yi.

Kada dai in yi wa dokar kwaskwarima. Ba ta ɗauki giya haram ba, iyaka kawai ta yi mata. Har ta yarda ɗan shekara 16 ko 17 ya sha wasu nau'o'inta a kan abinci, in babba ne ya saya kuma yana zaune tare da shi. Alhali mutanen nan sun san cutarwarta tun da daɗewa. Gwamnatinsu ce ta hana shigo da barasa mai ƙarfi Arewacin Najeriya a zamanin mulkin mallaka, bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, kimanin shekara ɗari kafin Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999.

Mu kanmu bakinmu bai zama ɗaya a kan wannan ba. Akwai iyalan da ba sa taka ƙafa a duk wurin wasan da ke da mashaya. Sukan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, su kai yaransu filayen wasa na unguwa, ko taron Idi da Musulmin garin nan suke yi a filin Platt Fields, inda ake kafa lilo da rumfunan abinci. Ina ganin girmansu ƙwarai, ban taɓa jan ɗayansu da musu ba. Amma mafi yawanmu muna zuwa, da sharaɗi. A ƙasar nan babban kantin da muke sayen shinkafa da madara yana da lasisin giya, ana kuma sayar da ita a filin jirgin sama da jiragen ƙasa masu dogon zango. Wanda ya ce ba zai shiga duk inda ake sayar da giya ba, to zaman ƙasar ne gaba ɗaya zai gagare shi. Abin da malamanmu na nan suka fi jaddada mana shi ne hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake shan giya. Wannan kam mun riƙe shi da hannu biyu.

Don haka ba ma tafiya a ɗaiɗaiku. Gidaje ne suke haɗuwa a ɗauki hayar bas, a tashi da sassafe, a fito kafin maraice, lokacin da mashaya ta fi cika. Inda aka yarda a shiga da abinci, mata sukan cika kuloli da dafa-duka da soyayyar kaza, ga dambun nama, ga zoɓo a gora, mu nemi ciyawa nesa da rumfunan shan giya mu baje tabarma. A nan ake cin abinci, a gefen nan ake jera sahu a yi azahar.

Duk da haka yaro zai gani. Za ku wuce wani Bature da kofin roba a hannu, kumfa a samansa, yaron ya ja rigarka ya ce, "Baba, mene ne wancan?" Ba na ce masa lemo ne. Nakan ce giya ce, Allah ya haramta mana ita, tana gusar da hankali, shi ya sa ko su ba sa barin mai maye ya hau lilo. Yaron da ya tashi a cikin birnin Zariya zai iya girma bai taɓa ganin kwalbarta ido da ido ba. Namu tun yana ɗan shekara biyar yake ganinta a kanti, kuma ranar da zai shiga jami'a abokan karatunsa za su miƙo masa ita. Na fi son ganinsa na farko ya kasance hannunsa yana cikin nawa, ya ji amsar daga bakina, ya ga kuma cewa mun yi wasa mun yi dariya har mun gaji ba tare da ita ba. Wannan shi ne babban dalilina, Kawu, kuma a kansa nake neman ku yi mana adalci.

Akwai kuma ƙofar da dokar ta bar wa jama'a, wadda mutanenmu suka fara koyon bi. Duk mai neman sabon lasisi sai ya manna sanarwa a kan shuɗiyar takarda a jikin wurin har kwana 28, ya kuma buga a jaridar gari. A cikin kwanakin nan kowa na iya rubuta wa ƙaramar hukuma ƙin amincewarsa. Sai dai in ka rubuta cewa giya haramun ce, ba za a saurare ka ba. Dole ka ɗora hujjarka a kan ɗaya daga cikin abubuwa huɗun nan, ka ce misali mashayar tana dab da inda ƙananan yara ke wasa. Ko bayan an ba da lasisin ana iya neman a sake duba shi, hukuma kuma tana da ikon ƙara sharuɗɗa, ko ta dakatar da shi har wata uku, ko ta soke shi.

Samarinmu da ke neman aikin hutu a irin wuraren nan muna gaya musu su faɗa tun ranar ɗauka cewa ba za su yi aikin mashaya ba, a sa su a ƙofa ko wurin lilo, domin tsinuwar da ta zo a hadisi ta haɗa har da mai sayarwa da mai ɗauka.

A wurin wasan ruwa kuwa, in faɗa muku gaskiya, tsiraici ya fi giya damuna. Giya tana ɓangare guda, kana iya kauce mata, amma shigar mutane ta cika wurin ko'ina. Ba kuma za mu raba yara da ruwa ba, tunda makarantun firamare na Ingila wajibi ne su koyar da ninkaya, ana son yaro ya iya tafiyar mita 25 kafin ya gama. Matanmu da 'yan matanmu suna zuwa ne a sa'o'in da wasu wuraren ninkaya na ƙananan hukumomi suka ware wa mata zalla, da kayan ninkaya masu rufe jiki. Wani lokaci ƙungiyoyin Musulmi sukan yi karo-karo su kama wurin gaba ɗaya na yamma guda, babu kowa sai namu. A gidana, da zarar yaro ko yarinya sun doshi balaga, zuwa wurin wasan ruwa na cakuɗe ya ƙare, sai irin waɗannan ranakun.

Allah ya ƙara girma.