Tambayoyi Da Amsoshi: Wace Irin Rauta Ta Dace Da Ƙaramin Gida?

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan makon a kan rauta suke, wato na'urar nan da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida. Na zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya. A gidana akwai kwamfutar tebur ɗaya, laftof biyu, firinta, talabijin mai intanet, da wayoyi kamar shida. Duk daga wayata muke jan intanet, har batirinta ya kumbura. Na je sayen rauta, aka jero mini iri-iri, wata eriya biyu, wata shida, an rubuta AC1200 a kwalin wata, AX3000 a na wata. Na dawo gida ban saya ba. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, gara da ka dawo da kuɗinka a aljihu, domin akwai tambayar da ya kamata mai shagon ya fara yi maka: ta ina intanet zai shigo gidan? Wannan ce ke yanke rabin hukunci.

In da layin waya za ka dogara, MTN ko Airtel ko Glo, to rautar da ke da wurin sa sim kake nema. Da yawa daga cikin kyawawan rautocin nan masu ƙahonni da ake jerawa a kanti ba su da wurin sim sam. Abin da suke da shi rami ne a baya da aka rubuta wa WAN, inda ake cusa kebul ɗin da ya taho daga kamfanin intanet. Mutum sai ya kai gida ya yi ta juya ta yana neman inda sim zai shiga. In kuwa wayar faiba ta iso unguwarku, kamfanin ne zai kawo akwatinsa, kuma galibi akwatin yana ba da Wi-Fi da kansa, don haka ka fara gwada shi kafin ka sayi wani abu. Haka Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, da rautarta take zuwa.

Tunda daga waya kuke ja, ina kyautata zaton sim za ka ci gaba da amfani da shi. Kafin ka koma kasuwa, ka ari layukan kamfanoni daban-daban, ka auna gudunsu da manhajar Speedtest a falo da kuma bakin taga, da safe, sannan da dare bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. Abin da ka gani, kusan shi rautar za ta raba muku. Ludayi ba ya kwaso abin da babu a tukunya. In megabit 15 ke shigowa gidanka a daƙiƙa, ko rautar da ta fi kowacce tsada ka sa, megabit 15 ɗin za ta raba.

Lambobin kwali kuma, yawancinsu kwalliyar talla ce. AC na nufin Wi-Fi 5, wanda ya shigo kasuwa wajen 2013, AX kuma Wi-Fi 6 ne na 2019. Lambar da ke biye jimilla ce ta zango biyu da rautar ke watsawa a kansu. AC1200 na nufin megabit 300 a zangon 2.4 GHz da 867 a zangon 5 GHz, aka haɗa aka cike. AX3000 kuwa 574 ne da 2402. Wayarka a kan zango ɗaya take hawa a lokaci guda, kuma ko wannan adadin na gwaji ne, da wuya a same shi a ɗaki mai bango. Ka kwatanta da buƙatarka: Netflix ta ce megabit 5 ya ishi bidiyo mai kyawun hoto, 15 kuma ya ishi na 4K. Yawan eriya ma ba shi ne ƙarfi ba. Akwai rautoci nagari da eriyarsu ke ɓoye a ciki.

A rautar sim, lambar da ta fi cancantar ka duba ita ce ta ɓangaren da ke kama sabis. Cat 4 iyakarta megabit 150, Cat 6 kuma 300, kuma tana iya haɗa zango biyu na turken sabis a lokaci guda, abin da ke taimakawa sosai in turken ya cika da jama'a. In bambancin kuɗin bai yi yawa ba, ɗauki Cat 6. Ta 5G fa? MTN ta ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma ba kowace unguwa ya kai ba. Kada ka biya kuɗin 5G sai ka ga wayar da ke da shi ta kama a cikin gidanka, ba a bakin titi ba.

Sai ka juya bayanta ka ƙirga ramukan kebul. Kwamfutar tebur da talabijin ba sa yawo, don haka ka ja musu kebul, ka bar iska ga wayoyi da laftof. Firintar ma in tana da ramin, ka sa mata, kowa zai iya tura mata aiki daga ɗakinsa. Ka tabbata ramukan na gigabit ne, wato masu ɗaukar megabit 1000. Rautoci masu araha da yawa iyakar raminsu megabit 100, ko da an rubuta 1200 a kwali, kuma za ka ji hakan ranar da za ka kwashi manyan fayiloli daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Ga gida irin naka dai: rauta mai sim, mai zango biyu, mai ramukan gigabit uku ko huɗu, daga kamfanin da aka sani kamar TP-Link, Huawei ko ZTE. Wi-Fi 5 ya ishe ka, in ka samu 6 a farashi mai sauƙi, madalla. Ƙaramar MiFi ta aljihu ba ta wannan aikin ba ce, ta matafiyi ce, kuma in ka bar ta a jone dare da rana, abin da ya sami batirin wayarka shi zai same ta.

Tambaya: Malam, ni matar aure ce a Kaduna. Rautarmu tana falon maigida, amma a ɗakina da ke can ƙuryar gida sai sanda ɗaya take nunawa, wani lokaci ta ɓace. An ce in sayi mai eriya takwas. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, kafin ki kashe ko sisi, ki duba inda aka ajiye ta. Na sha shiga gidaje in tarar da rauta a ƙasa bayan talabijin, ko a cikin durowa an rufe don kada yara su taɓa. A fito da ita, a ɗora ta a sama, kan kabad ko a maƙala a bango, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gidan. Ginin bulo da siminti yana cinye Wi-Fi, kankare mai rodi ya fi shi ci, ƙofar ƙarfe da firji da babban madubi duk suna tarewa.

Sannan ki duba sunayen Wi-Fi da wayarki ke gani. In biyu ne, mai 5 a ƙarshen sunansa ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 kuma ya fi nisan zango. A ɗakinki, na 2.4 za ki hau.

In duk an yi wannan bai isa ba, eriya takwas ba za ta warware ba. Magana ce ta kai da kawowa: ko rautar ta yi ƙarfin da muryarta za ta iso ɗakinki, wayarki da 'yar eriyarta ba za ta iya mayar da amsa ta ratsa bango huɗu ba. Maganin da na fi yarda da shi, wanda kuma ya fi araha, a ja kebul ɗin intanet samfurin Cat5e ko Cat6 (sunan kebul ne wannan, ba Cat ɗin rautar sim ba) daga rautar zuwa ɓangarenki, a sa wata ƙaramar rauta a can ta riƙa watsawa. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba. Akwai 'yan na'urorin da ake cusawa a soket su kamo Wi-Fi su sake watsa shi, amma masu arahar cikinsu sukan raba gudun gida biyu, saboda da eriya ɗaya suke saurare suke kuma maimaitawa. Masu zuwa biyu ko uku a kwali ɗaya, irin su Deco na TP-Link, suna aiki da kyau, sai dai kuɗinsu ya fi, kuma su ma a ginin kankare sun fi lafiya in an haɗa su da kebul.

Tambaya: Daga Gusau nake. Duk lokacin da aka ɗauke wuta intanet ya tafi ke nan, ga shi ina karatu ta intanet. Sai na sayi inbata?

Amsa: A'a. Rauta ba ta cin wuta, yawancinsu wat 10 ne ko ƙasa da haka. Duba jikin adaftarta, za ka ga 9V ko 12V. Akwai ƙaramin batiri na musamman da ake sayarwa don rauta, wuta ta bi ta cikinsa, in an ɗauke ya ci gaba da ba ta na sa'o'i. Ka dai daidaita bolt ɗin da girman bakin fulogin, don in ka ba mai 9 wutar 12 kana iya ƙona ta. Mai sola a gida kuwa ba shi da wannan damuwar.

Tambaya: Ina zaune a Maraɗi. Wani ɗan'uwana zai sayo mini rauta ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano. Za ta yi aiki a nan? Kuma yaya zan hana maƙwabta shanye mini data?

Amsa: Ka ce wa ɗan'uwan naka ya lura da tambarin da ke jikinta. Rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa da araha galibi a kulle suke, layinsu kaɗai suke karɓa. Wadda ke ɗauke da tambarin MTN ba za ta karɓi layin Zamani ko Moov ba, kuma ko mai tambarin Airtel ta Najeriya kada ka ɗauka lallai za ta karɓi Airtel na Nijar. Ya nemi buɗaɗɗiya, a sa mata layukan kamfanoni biyu daban a gabansa, ya ga duka sun kama 4G. Ya kuma turo maka lambar samfurinta, ka tambayi ofishin kamfanin layinka ko tana kama zangon da suke watsawa a kai, domin rautar da aka ƙera don kasuwar Amurka, misali, takan rasa wasu zangunan da ake amfani da su a nan.

Tsufanta ma abin dubawa ne. In kamfanin ya daina fitar mata da sabuntawa, duk ɓarakar tsaron da aka gano a cikinta haka za ta zauna. Wadda iyakar tsaronta WEP ne, wato tsohon tsarin kulle Wi-Fi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, an daɗe da fasa shi. Mafi ƙaranci WPA2, in da WPA3 na 2018 ya fi.

Da ta iso, ka danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta da tsinke har ta koma yadda ta fito daga kamfani. Sai ka shiga shafin saitinta ta burauza. Adireshin yana rubuce a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Kalmar sirri biyu za ka canza, kuma ta biyun ce mutane ke mantawa: ta Wi-Fi, da ta shiga saitin kanta, wadda sau da yawa “admin” ce kawai. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin na kamfani da ba a canza ba. Ka kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ta danna maɓalli ko sa 'yar lamba maimakon kalmar sirri, domin tun 2011 aka nuna ana iya fasa lambarsa.

Maƙwabta kuwa, yawanci ba fasa komai suke yi ba. Yaron gidan ne ke ba abokinsa, wayoyin yanzu ma suna nuna kalmar a hoton da ake ɗauka da kyamara, daga nan ta zagaye layi. Ka buɗe Wi-Fi na baƙi daban, mai kalmarsa, wanda za ka riƙa canzawa duk wata, in rautar ta yarda ka rage masa gudu. A shafin saitin akwai jerin duk na'urorin da ke haɗe. Ka riƙa leƙawa lokaci-lokaci, in ka ga wayar da ba ta gidanka ba, ka toshe ta daga nan, sannan ka canza kalmar.