Tambaya da Amsa: Kwafar Hoto a Jikin Tsohon Gwangwani

TAMBAYA: Na sayo gwangwanayen madara da na biskit wajen 'yan gwangwan, ina so in yi musu adon furanni in riƙa zuba kayan ɗinki. Na shafa gam, na kifa takardar hoton, amma da na jiƙa ta na murza sai launin ya dame gaba ɗaya. Ina matsalar take? (Wata mai karatu daga Zariya)

AMSA: Malama, laifin tawada ne. Ƙananan firintocin gida tawadar ruwa suke fesawa, tana ganin danshi take narkewa. Ki kai hoton shagon fotokwafi a buga miki da injin leza, wanda garin tawada yake narkarwa da zafi ya kama takarda. Irin wannan bugu ruwa ba ya wanke shi. A yi amfani da A4 ta yau da kullum mai giram 70 ko 80, ban da takardar hoto mai sheƙi, don ba ta murzuwa. In da rubutu a jiki, ki ce a juya shi kamar a madubi, in ba haka ba a baibai zai fito.

Kafin manni ki gyara gwangwanin. Ki wanke da sabulu, ragowar gam ɗin tsohuwar takarda ki cire da ɗan kananzir, ki sake wankewa sosai, don ko maiƙon yatsa hana kamu yake. Ki goge da sanfefa mai lamba 220 har sheƙin ya dushe. Tsatsa kuwa a kankare ta sai ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin da masu walda ke sa wa ƙofa. Daga nan farin fenti shafi 2. Kada ki tsallake farin: inji ba ya buga farin launi, duk inda kika ga fari a hoton takarda ce, kuma ita za ki murje.

Ki shafa farin gam na kafintoci a fuskar hoton, kaurin da zai rufe launin ba tare da ya tsiyaya ba. Mod Podge, wani gam na aikin ado, ya fi shi jure jiƙo, in kin samu. Ki kifa, ki bi da tsohon katin waya daga tsakiya zuwa gefe iska ta fita, don duk inda kumfa ta maƙale rami zai bari. Ki bar shi awa 24. Da damina ki ƙara kwana. Sannan ki ɗan jiƙa da soso, ki murza da tafin yatsa a hankali, takardar ta riƙa nannaɗewa tana zuba. In ya bushe kika ga fari-fari kamar hazo, sauran takarda ne: ki sake jiƙawa ki murza. Ƙarshe banish marar launi shafi 2, a wajen gwangwanin kawai. Cikin da zai taɓa abinci a bar shi yadda yake.

TAMBAYA: Nawa hoton yana tsagewa a kan layukan da suka zagaye gwangwanin. (Wani mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Malam, takarda ba ta shiga kwarin layukan, gam ya bushe a kan iska. Ka nemi gwangwani mai sumul, ko ka yanka hoton ƙanana ka manna a filin da ke sama da ƙasan layukan. Murfin gwangwanin biskit ya fi komai sauƙin koyo.