Amsa kan gwaje-gwajen da aka rubuta wa Baba bayan PSA

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce PSA ɗinsa, wato gwajin jinin da ake yi don duba furostet (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), ya kai 18, likita ya rubuta hoton MRI da bayofsi (ɗebo tsoka da allura a duba) da hoton ƙashi, 'yan gida kuma sun dage wai in allura ta taɓa ciwon daji bazuwa yake yi. Ni na yi jinyar kawuna kan wannan lalurar a nan Legas.

PSA shi kaɗai ba ya tabbatar da daji. Kumburin furostet na tsufa yana ɗaga shi, haka ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari, har robar fitsari ma. Tsokar da aka ɗebo aka duba a madubin likita ita ke yanke hukunci.

In da hali a fara da MRI. Shi ke nuna wa likita inda zai auna allura, kuma in aka fara da bayofsi, jinin da ya kwanta a wurin yakan dagula hoton na makonni. A takardar sakamakon MRI za ka ga PI-RADS, makin da ke nuna yiwuwar daji, daga 1 zuwa 5. Huɗu da biyar su ne abin zargi.

Bayofsin kansa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ana kashe zafin wurin, a bi ta dubura ko ta fatar da ke gabanta, a ɗebo 'yan siraran tsoka kamar 10 zuwa 12, yawanci a sallami mutum ranar. Ganin jini a fitsari na 'yan kwanaki ba abin tashin hankali ba ne. Zazzaɓi da rawar sanyi kuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko tsakar dare ne ku nufi asibiti. In Baba na shan maganin tsinka jini irin su asfirin, ku faɗa wa likita tun kafin ranar, kada ya daina da kansa.

Zancen bazuwa kuma, da wuya ƙwarai allura ta jawo haka. Mutanenmu ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, gwaji ya tona abin da ya riga ya faru, sai a ɗora wa allura laifi.

In an samu daji, sakamakon bayofsi zai zo da lambar Gleason, mai nuna zafin dajin. Nan ka buɗe ido, domin 3+4 da 4+3 duk bakwai ne amma ba ɗaya ba ne. Lambar farko ita ce nau'in da ya fi yawa a tsokar, don haka 4+3 ya fi zafi. Shida mai sauƙi ne, 8 zuwa 10 mai saurin yaɗuwa.

Hoton ƙashi dalilinsa shi ne wannan dajin ya fi son ƙashin baya da na ƙugu. An fi nemansa in PSA ya haura 20, ko Gleason ya yi sama, ko mutum na kukan ciwon ƙashi. Tunda na Baba 18 ne, tambayi likita ko za a iya jiran sakamakon bayofsi kafin ku biya kuɗinsa. Mu haka aka yi mana.

Kada ku tsallake matakin gano inda dajin ya kai, shi ke zaɓar magani. In yana cikin furostet kawai, ana maganar tiyata ko gashi da na'ura, wani ma sa ido kaɗai. In ya shiga ƙashi, sai allurar rage sinadarin maza. Asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk suna da likitocin mafitsara, daga Agege Ikeja ta fi muku kusa. Ku karɓi faifan MRI ɗin, ba takardar rahoto kaɗai ba, likitan gaba zai so ya gani da idonsa.