Fatawa: Hukuncin Shiga Zaman Masu Neman Rabuwa da Giya, da Yadda Ake Samunsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Allah ya jarrabe ni da shan giya shekara da shekaru. Na tuba ya fi a ƙirga, in yi sati biyu ko wata guda, sai in koma ruwa. An ba ni shawarar in nemi ƙungiyar masu irin matsalata da ke zama suna ƙarfafa juna, wasu ido da ido, wasu ta intanet. Abu biyu ke riƙe ni: tsoron tona asirin da Allah ya rufa mini, da kuma jin cewa ba Musulmi ne suka kafa irin wannan zama ba. Ya halatta in je? In ya halatta, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Zuwa wannan zama halal ne da sharuɗɗan da zan kawo. In kuwa ka gwada kai kaɗai ka kasa, kuma ka ga alamar zaman zai taimake ka, to zuwan ya tashi daga halal ya koma abin da shari'a ke nema daga gare ka, domin barin giya wajibi ne da nassin Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Amma kafin maganar zama, akwai ta likita, kuma ita ce gaba. Wanda ya daɗe yana sha kullum, jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci guda yana iya shiga haɗari. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe sai makyarkyata ta fara, da gumi, da tashin zuciya, da rashin barci. Cikin kwana biyun farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ne mafi muni kan zo: ruɗewa, gane-gane, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, kuma wannan yana kisa in ba a kai mutum asibiti ba. Yawan dainawa ana komawa kuma yana iya sa ciwon ya ƙara tsanani a karo na gaba. Don haka in kana tashi da safe hannunka na rawa har sai ka sha, ko ka taɓa jijjiga bayan dainawa, ka ƙulla tuba a zuciyarka yanzu, ka je wurin likita yau, ka gaya masa gaskiyar yawan abin da kake sha. Suna da magunguna irin su diazepam da ke riƙe jiki a waɗannan kwanaki, da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, sannan daga baya akwai naltrexone da acamprosate masu rage ƙishirwar giyar. Kada ka saya da kanka. Kada kuma shaiɗan ya mayar maka da wannan bayani lasisin ci gaba da sha, domin da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce don magani yake haɗa giya, Annabi (SAW) ya ce masa ba magani ba ce, cuta ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Yanzu batun tona asiri. Hadisin da kake tsoro gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk al'umma za a yafe mata ban da masu bayyana saɓo. Sai dai Annabi (SAW) da kansa ya fassara su: mutumin da ya yi saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye yana cewa wane, jiya na yi kaza da kaza. Wannan mai alfahari ne ko mai raina laifin. Wanda ya faɗi laifinsa yana neman mafita, hukuncinsa daban. Mutumin da ya sadu da iyalinsa da rana a Ramadan ya zo gaban Annabi cikin sahabbai yana cewa na halaka, ba a tsawata masa don ya faɗa ba, aka nuna masa kaffara. Ma'aunin shi ne buƙata: ka faɗi gwargwadon abin da zai sa a taimake ka, ka bar sunayen abokan shanka, ka bar sauran zunuban da ba su shafi maganin ba, kuma kada labarin ya zama hirar daɗin da aka ji a da.

Batun waɗanda suka kafa shi ma bai hana ba. A hijira, Annabi (SAW) ya ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ ɗan jagora alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Ka ɗauki sanin hanya, ka riƙe aƙidarka.

Mafi yaɗuwar waɗannan ƙungiyoyi ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. An kafa ta a 1935 a garin Akron na Amurka, tana tafiya kan matakai 12. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta suna, sharaɗi ɗaya ne, son daina sha. Wani babban nazari da cibiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta fitar a 2020, wanda ya tattara bincike 27, ya nuna tsarinta yana kai mutane ga dainawa gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin jinya ko ma fiye. A matakan akwai wuraren da Musulmi zai tsaya ya tantance. Suna cewa mutum ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji yadda shi ya fahimce shi. Kai Ubangijinka Allah ne shi kaɗai, kada ka yarda da masu cewa ƙungiyar ma kana iya ɗaukarta a matsayin wannan iko. Suna cewa ka yarda ba ka da ƙarfi a gaban giya; in ma'anar babu dabara babu ƙarfi sai da Allah, daidai ne, in kuwa ma'anar an ɗauke maka alhaki, ba haka ba ne. Mataki na biyar yana neman ka faɗa wa wani mutum kurakuranka; ka yi shi a matsayin neman shawara, gafara kuwa tsakaninka da Allah ce ba mai shiga tsakani. Na takwas da na tara, na neman afuwar waɗanda ka cuta da gyara ɓarnar, wannan sharaɗin tuba ne a wurinmu tun asali. Wasu zaman ana rufe su da addu'ar Kirista ana riƙe da hannun juna. Ba dole ba ce, ka ja gefe cikin ladabi ka yi taka a zuci. Da yawa kuma a ɗakin taron coci ake yi, saboda nan suka samu wuri. Zama a ɗakin da ba ibada ake yi ba babu laifi, in ka samu wani wuri ya fi.

In wannan ya yi maka nauyi, akwai Millati Islami, da Musulmi suka kafa a garin Baltimore na Amurka a 1989, suka gina matakan kan Alƙur'ani da Sunna. Akwai kuma SMART Recovery ta 1994, wadda ba ta shigo da addini ko kaɗan, dabarun danne sha'awa da gyaran tunani kawai take koyarwa. Iyalinka ma suna da tasu, Al-Anon.

Wajen nema, fara da likitan da ya duba ka ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti, su suka fi sanin zaman da ke raye a kusa. Sannan ka rubuta sunan ƙungiyar da na garinka a intanet, ko ka sauke manhajar Meeting Guide, kyauta ce, tana nuna zaman AA mafi kusa a wuraren da aka shigar da jadawalinsu. Jadawali kan tsufa, don haka ka kira lambar da aka sa kafin ka kama hanya. Ka lura da alama: buɗaɗɗen zama kowa na iya shiga har ɗan rakiya, rufaffe kuwa na masu matsalar ne kaɗai, shi ya fi sirri. In babu a garinku, shafin Online Intergroup na AA yana jera zaman intanet dare da rana cikin harsuna da yawa, mafi yawa ta Zoom. Ka duba bambancin agogo, nan mutane ke yawan kuskure su tarar an tashi. Ka sa sunan farko kawai ko laƙabi, ka rufe kyamara in ka so, ka sa abin ji a kunne don kada na kusa su ji sirrin wasu. Ba a naɗar murya, ba a ɗaukar hoton allo, domin abin da aka faɗa a majalisi amana ne. Duk wanda ya biyo ka ta saƙon sirri yana neman kuɗi ko yana tallar maganin da zai raba ka da giya cikin kwana uku, ka toshe shi.

Zama yakan ɗauki kamar awa guda, kuma ranar farko kana iya cewa sauraro kawai ka zo yi. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya, ka zaga biyar ko shida, don kowanne da irin mutanensa. Ka zaɓi wanda ya faɗo daidai lokacin da ka saba sha, wanda kuma ba zai ci maka salla ba. Akwai na maza zalla da na mata zalla, su za ka fifita, kuma wanda zai zama jagoranka, da suke kira sifonsa, ya kasance namiji ɗan'uwanka da ya daɗe da dainawa. Su ma haka suke ba da shawara. In da hali, na ido da ido ya fi na waya, saboda wanda ya saba ganinka zai neme ka ranar da ba ka zo ba.

In ka zame ka sha, kunya za ta ce kada ka koma. Ka koma washegari. An sha kawo wani sahabi gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa, kamar yadda ya zo a Bukhari. Ka sabunta tuba, ka gaya wa jagoranka abin da ya ja ka, wuri ne ko aboki ko ɓacin rai, ka sanar da likitanka kafin ka sake yankewa.

Wallahu a'alam.